Buhun Mamman a Gwanjon Coci

Ku 'ya'yana, kowannenku ya ji labarin shekarar da na bar dillancin albasa, amma a bakin wasu kuka ji shi, kuma na san abin da suka gaya muku. Sun ce an kama ubanku yana cin kuɗin coci. Wasu ma sun ƙara gishiri, suka ce har cikin majami'a aka gan ni a durƙushe. Ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, domin a wancan lokacin duk wanda ya ɗauko maganar sai in kawar da ita, ga ni kuma da saurin fushi, kun sani. Yanzu fushin ya yi sanyi, ƙarfin ma ya tafi, shi ya sa na ga gara ku ji ta daga gare ni tun ina da sauran numfashi.

Sana'ar da na gada a Bodinga ita ce ta fatoma. Baƙo ya zo sayen albasa daga kudu, gidana zai sauka, ni zan kai shi wurin manoma, ni zan tsaya tsakani har a yi sallama, sannan in karɓi la'adata. Amma la'ada ba ita ce aikin ba. Aikin shi ne ka sa wuyanka. In baƙonka ya ɗauki kaya bai biya ba, kai za a kama. In ya yi wa wani rashin kunya, kai za a kira gaban Sarkin Kasuwa. Baƙo ba shi da baki a kasuwarmu, bakin fatomansa shi ne nasa. A cikin baƙina kuwa babu kamar Kiletus, mutumin ƙasar Ibo, wanda ya zo mini yana saurayi siriri kamar kara, ya yi furfura a ɗakin zaurena. Fiye da shekara ashirin yana loda albasar Bodinga da ta Shagari zuwa kudu, ban taɓa jin manomi ya zo ƙofata yana kuka da shi ba. Sakkwatanci ya zauna a bakinsa har yana yi wa Kanawa dariya in suna magana. Ɗan Katolika ne, na sani, domin duk Lahadi yakan sa farar riga ya tafi wata 'yar majami'a da ke bayan gari. Bai taɓa yi mini maganar addininsa ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. In na tashi salla yakan kashe rediyonsa, iyakarta ke nan.

Abin ya faro ne da kaka, lokacin da albasar da aka adana a rudu, wato rumbun albasa, take yin daraja, kowane manomi yana jin kansa. Sai ga wani bidiyo yana yawo a wayoyin mutane. Wani shahararren ɗan fim ne, ba zan faɗi sunansa ba, ya isa haka. Yana zaune cikin mota yana magana da irin muryar nan tasa da mata da yara suka saba kuka a kanta. Ya ce cocin Katolika ya fi ƙasashe da yawa dukiya, yana da bankinsa na kansa, yana da zinariya a ƙarƙashin ƙasa, manyansa kuma sun yi kaca-kaca da kuɗin talakawa. Har nan ban damu ba, ina ruwan mai albasa da zinariyar Turawa. Sai a ƙarshe ya nuna mu da yatsa ya ce kuɗin nan ne ake turowa arewa ta hannun 'yan kasuwarsu, suna saye abincinmu da arha, in sun gama su saye gonakin. Na tuna inda nake tsaye lokacin da na ji wannan, a rumfar mai shayi, kuma na tuna yadda duk wanda ke kan bencin ya juyo ya dube ni.

Ban ɗauka abin zai yi nisa ba. Mutum ne da aikinsa shi ne ya yi kukan ƙarya a biya shi, na ɗauka kowa ya san haka. Ashe ni kaɗai na sani. Kafin kasuwa ta zagayo, manoman Kajiji da na Horo Birni sun yi magana ɗaya, sun ce ba mai ƙara sayar wa Kiletus ko ƙwaya. Wanda ya ja gaba kuwa ba wani ba ne illa Mamman, mijin gwaggonku Balki. Kun san shi, mutumin kirki ne, manomi na gasken gaske, amma in magana ta shiga kansa sai dai a binne shi da ita. Ya same ni a rumfata, ko zama bai yi ba.

“Alhaji, baƙon nan naka, ina shi ka samun kuɗɗin da shi ka sayen kaya haka? Ka taɓa tambaya tai?”

Na ce masa kuɗin albasar bara ne yake sayen ta bana da su, kamar kowane ɗan kasuwa. Ya ce wannan ai zato ne. Na ce to shi nasa fa, wahayi ne? Muka rabu baram-baram. Abin haushin, a kasuwar da ta wuce kafin bidiyon ya iso, shi kansa ya sayar wa Kiletus buhuna masu yawa ta hannuna, ya tafi yana sa mini albarka.

Maganar ta kai gaban Sarkin Kasuwa. Dattijo ne mai hankali, ba ya son yanke hukunci da zafi. Ya kira limamin kasuwa, liman ya ce addini bai yarda a yi aiki da labari ba sai an bincika shi, ko daga bakin wa ya fito. Sai Sarkin Kasuwa ya ce tunda ni ne fatoma, ni zan bincika, in dawo in faɗa wa jama'a abin da na gano. Don kada a ce na rufa wa baƙona asiri, ya haɗa ni da Mamman a matsayin shaida. In maganar ɗan fim ta tabbata, Kiletus ya bar kasuwar Bodinga. In ba ta tabbata ba, a ci gaba da ciniki. Na ce na ji na karɓa, ranka ya daɗe, ina tafe ina murna a raina, don na ɗauka aikin wuni guda ne. Da na gaya wa Kiletus, ya ce in zo ranar Lahadi in ga duk abin da nake so, zai sanar da Fada, wato limaminsu.

Kafin Lahadin na hau mota zuwa Shagari wurin yayarku Kulu, lokacin tana koyarwa a can. Na ce ta buɗe wayarta ta bi mini maganar mutumin nan gaɓa-gaɓa, kada ta tausaya wa kowa. Muka zauna a tsakar gida tana karantawa tana fassara mini, ni kuwa ina ta salati. Na je ne da niyyar in ji ƙarya ce tsagwaronta, sai na tarar ba haka ba. Bankin da ya ce, akwai shi, a can birnin da Paparoma yake. Gine-gine da kayan tarihi masu tsadar da hankali ba ya ɗauka, akwai su, ko da yake ta ce yawancinsu ba na sayarwa ba ne, kallo kawai ake zuwa yi. Batun cin amana kuwa, ta nuna mini cewa an taɓa gurfanar da wasu manyansu gaban shari'a a kan kuɗi, kuma su da kansu suka yi shari'ar. Na ce to turo kuɗi ta hannun 'yan kasuwa fa? Ta daɗe tana dubawa. Ta ce babu inda ta ga alamar wannan, ba jarida, ba rahoto, ba kowa, duk inda maganar ta fito in ka bi ta sai ta mayar da kai ga bidiyon nan ɗaya. Ta ce mini, Baba, ya ɗauki gaskiya uku ya ɗora ƙarya ɗaya a kai, kuma ɗayar ce ta shafe ka. Na dawo Bodinga kaina ya fi nauyi a kan yadda na tafi.

Ranar Lahadi da hantsi muka je, ni da Mamman a kan babur ɗinsa. Ba mu shiga ba, muka tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya a bakin shinge har suka gama ibadarsu. Ginin bulo ne ko shafe ba a yi masa ba, kwanon rufin ya yi tsatsa, gefe ɗaya an danne shi da duwatsu. Na taɓa Mamman na ce ga zinariyarka nan. Ya ce mai ɓoye dukiya ai ba ya yin fenti. A gefe kuma ga motar Fada, sabuwa fil, tana ƙyalli, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma na daɗe ina kallonta.

Abin da ban sani ba, kuma Kiletus bai ga dalilin gaya mini ba don shi a wurinsa ba wani abu ba ne, shi ne ranar ta dace da bikinsu na godiyar kaka. Kowa yakan kawo abin da Allah ya hore masa, doya, shinkafa, akuya, zakara, a tara a filin coci, sannan a yi gwanjonsu. Muna tsaye aka fito da tebur, wani mai ƙaton ciki ya ɗauki ƙararrawa ya hau kan benci. Aka fara da zakara. Zakara ne irin wanda Innarku za ta tsaya ta yi ciniki a kansa har mai shi ya gaji. Wani ya taya, wani ya ƙara, mata suna guɗa irin tasu, kafin in ƙifta ido kuɗin zakara ya kai na tunkiya, ya wuce, ya doshi na ɗan maraƙi. Aka kaɗa ƙararrawa. Wanda ya saya ya ɗaga zakaran sama, aka yi tafi, sai ya miƙa shi ya ce a sake sayarwa. Aka sake. Ni da na yi rayuwata kaf a kan farashi, na san kuɗin kowane abu mai rai da marar rai a ƙasar nan, sai na ji ƙasa tana juyawa da ni. Na riƙe shinge.

Sai wasu ƙarti biyu suka ɗauko buhun albasa suka dire a kan tebur, aka ce gudummawar Kiletus ce. Mamman ya damƙe mini hannu har na ji zafi. Ban buƙaci ya yi magana ba. Kowane manomi yana da yadda yake ɗinke bakin buhunsa, shi kuwa Mamman da jan zare yake yi, ya gicciya shi sau biyu a tsakiya. Buhunsa ne, ɗaya daga cikin waɗanda ya sayar ta hannuna, kuma mu biyun mun san nawa aka biya shi.

Tayin farko ma ya ninka abin da aka ba Mamman. Daga nan ban ƙara iya bin lissafin ba. Wani mai shagon magani ya ɗaga hannu, wata mata mai gidan abinci ta ɗaga, Kiletus da kansa ya shiga yana taya kayan da shi ya kawo, ana ta shewa. Aka sallama buhu ɗaya a kuɗin da zai sayi abin da jaki goma ba za su ɗauka ba. Wanda ya saya ya ce a mayar. Aka sake sallamawa. Na waiga na ga Mamman ya fito da wayarsa yana ɗaukar bidiyo, hawaye yana bin gemunsa.

“Alhaji, buhuna na,” ya ce, muryarsa can ƙasa. “Ashe haka albasa ta ka yi, kai kana ba mu abin da kag ga dama.”

Ni kaina a wannan lokacin ban san me nake gani ba. Na san farashin kudu, ina waya da dillalan can kullum, na san babu kasuwar da albasa take yin haka a duniya. Amma ga shi ana yi a gabana, da kuɗi na gaske, a hannun mutanen da na san shagunansu. Sai na ji maganar ɗan fim tana dawo mini kalma-kalma, na tsaya baki buɗe ina kallon Kiletus kamar ranar na fara ganinsa.

Da aka watse, Fada ya zo ya same mu. Matashi ne, Hausarsa ta mutanen Zuru. Ya sa aka kawo mana benci da ruwan leda. Mamman ya ƙi zama, ya ja babur ɗinsa ya bar ni nan. Ni kuwa na zauna na yi masa tambayar da ban taɓa yi wa malamin wani addini ba, ban sassauta ba. Ya ce mini wannan ba ciniki ba ne, sadaka ce. Mutum ya riga ya yi niyyar abin da zai bayar don a sake rufin, wani tun farkon shekara yake tarawa, gwanjon hanya ce kawai ta bayarwa cikin raha, a ɗan yi gasa, a ɗan yi alfahari. Ba albasar ake saye ba, shi ya sa ake mayar da ita. Da yawansu ma alkawari suka yi, sai ya yi ta bin su har wata kakar. Na tuno yadda ake yi a wurin neman taimakon ginin masallaci, attajiri ya miƙe ya faɗi nasa a lasifika, wani ya miƙe ya ɗara shi. Bambancin kawai mu ba ma ɗora buhu a kan tebur.

Sai na tambaye shi batun banki da shari'ar manyansu, ina jiran ya musa. Bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, akwai dukiya a can, akwai kuma waɗanda suka ci amanarta, abin yana ba shi kunya, kuma ba zai rantse mini cewa ko a ƙasar nan kowane mai farar riga hannunsa tsarkakakke ne ba. Motar kuma ya ce ta ofishin babbansu ce, aka ba shi don yana zagaya ƙauyuka, ko da yake shi ma ya san tana tsone wa mutane ido. Amma ya ce su ne suke tara kuɗi su aika sama, bai taɓa ganin an aiko wa ɗan kasuwa jari ba, da ana yi da ya fara roƙa wa rufinsa. Wannan amsar ta girgiza ni fiye da gwanjon. Na zo da shirin a yi mini ƙarya in kama, sai aka ba ni gaskiyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Kafin in iso gida da la'asar, bidiyon Mamman ya riga ni. Ya kai Kajiji, ya kai Horo Birni, ya kai Shagari. Kuma ba a kan coci ake magana ba yanzu. An manta da Paparoma, an manta da zinariya. Abin da kowa yake cewa shi ne, ga farashin albasa na gaskiya, ga abin da Alhaji da baƙonsa suke ɓoye mana shekara da shekaru. Mutanen da na yi wa dillanci tun iyayensu suna raye suka zauna suna lissafin abin da wai na cinye musu. Innarku ta dawo daga gidan suna ba ta ci komai ba, ta ce tana shiga mata suka yi tsit. Gwaggonku Balki, wadda na goya a bayana, ta aiko a gaya mini ta bar ni da Allah. Na yi ta zagaya rumfuna ina bayani, ina cewa sadaka ce, ba ciniki ba ne. Sai a ce mini, to in sadaka ce me ya sa ake tayi ana sallamawa da ƙararrawa? Manomi ya ga an taya, ya ga an sallama, ya ga an ƙirga kuɗi, babu malamin da zai gaya masa wannan ba farashi ba ne.

Mamman ma bai tsaya nan ba. Lahadin da ta biyo ya ɗaura buhu biyu a babur ya kai ƙofar cocin da kansa, don ya sayar a wancan farashin ba tare da dillali ba. Wani dattijo mai kula da wurin ya fito, ya ga Musulmi da buhunan albasa, ya ɗauka kyauta ce, ya kama hannunsa yana godiya yana sa masa albarka, har ya kira mutane su shigar da kaya. Da ƙyar Mamman ya ƙwaci buhunansa. Da na ji, na yi dariya har na yi tari, na ce to yanzu dai zai gane. Ina! Ya dawo yana cewa ya ƙara tabbatarwa, farashin nasu ne su kaɗai, bare sai dai a karɓe masa a banza.

Ana gobe za a zauna gaban Sarkin Kasuwa, Sarkin Dillalai ya zo gidana bayan azahar. Abokina ne tun muna yara, kuma don Allah ya zo. Ya ce hanyar fita ɗaya ce, kuma mai sauƙi. In tashi in ce ni ma yaudarata aka yi, ban san da kuɗin coci baƙona yake ciniki ba sai da na gani da idona, na zare hannuna daga kansa. Ya ce jama'a ba ni suke so su kayar ba, so suke a ba su wanda za su ɗora wa, in na ba su Kiletus za su yafe mini kafin magariba, baƙi kuma ba su ƙare ba. Innarku tana bayan ƙyaure tana ji. Da ya tafi ta fito, ta ce ita ba za ta gaya mini abin da zan yi ba, amma in tuna akwai aure biyu a gabanmu, kuma in tuna mutumin nan shi ya kwana a asibiti da ni lokacin da aka yi mini aiki. Na ce to wanne kike so in tuna? Ta ce duka.

Washegari rumfar Sarkin Kasuwa ta cika har waje. Kiletus yana zaune a gefe a kan buhu, ba shi da izinin magana, sai ta bakina. Aka ce in faɗi abin da na gano. Na miƙe, ban san abin da zan ce ba sai da na ji ina faɗa.

“Ranka shi daɗe, an aike ni in duba, na kuwa duba. Mutumin ga na fim ya yi gaskiya wuri ukku. Suna da banki, suna da dukiya can ƙasassu, kuma an samu ɓarayi cikin manyansu, limaminsu da bakinai yaf faɗa man. Amma cewa da kuɗɗin coci baƙona ka sayen albasa, ban gani ba, ɗiyata ba ta gani ba, shi ma mai maganar bai nuna ba. Abin da Mamman yaɗ ɗauka sadaka ta, ba ciniki na ba. Baƙona na nan wuyana. Wanda duk ka biɗar hakki gare shi, shi taho gare ni.”

Sai wani daga baya ya ce, to ai ga shi ya amsa da bakinsa, suna da banki. Shi ke nan. Rabin maganata ta farko aka ɗauka, aka bar sauran a ƙasa. Da na ce duk ƙarya ce, da sun ce an saye ni. Da na ce duk gaskiya ce, da sun ɗauke ni a kafaɗa. Na ba su yadda abin yake, gauraye, sai ya zama ban gamsar da kowa ba. Sarkin Kasuwa ya yi adalci gwargwadon ikonsa, ya ce ba a tabbatar da laifi ba, saboda haka ba ya korar kowa. Amma ya ƙara da cewa shi ba ya iya tilasta wa manomi ya sayar wa wanda ba ya so, kuma kowa ya gane abin da wannan yake nufi.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, babu buhu ɗaya da ya sauka a rumfata. Sauran baƙina suka ga ba kaya a hannuna, suka koma gidan wasu ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba. Mamman da wasu mutanen Kajiji suka rufe rudunsu suna jiran farashin gaskiya, har sabuwar albasa ta shigo, tasu ta tsira ta ruɓe, aka riƙa kwasarta da shebur ana zubarwa a bayan gari. Wannan ma a kaina aka ɗora. Auren 'yar'uwarku Sa'a da aka ɗaga a shekarar, ba don rashin lafiyar kakarku ba ne kamar yadda muka gaya muku, yanzu kun san dalili. Shi kuwa ɗan fim, na ji an ce ko wata ba a yi ba ya koma tallar man shafawa.

Kiletus ya yi haƙuri har ƙarshen rani, yana zaune a zaure ba ciniki, motocinsa suna komawa kudu wayam. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na tarar ya ɗaure kayansa. Ya ce ya sami fatoma a wata kasuwa can wajen Kebbi. Ban hana shi ba, da me zan riƙe shi. Ya shiga ya yi wa Innarku sallama, ta kasa fitowa, ta amsa daga ɗaki. Na raka shi bakin titi ina riƙe da jakarsa, muna tafe yana yi mini godiya a kan abin da na faɗa gaban Sarkin Kasuwa, ya ce ya san abin da ya ci mini, kuma zai gaya wa 'ya'yansa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ko ba komai na fita da mutum ɗaya. Da mota ta tsaya, ya karɓi jakar, sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

“Alhaji, abu guda ni ka son in tambaye ka. Ranar gwanjo, da anka ɗora buhun ga bisa tebur, na waigo ina biɗar ka, don mu yi dariya tare. Na ga yadda kad dube ni.”

Na ce masa aike ni aka yi, kuma duk fatoman da aka aika dole ya duba.

“Na sani,” ya ce. “Ba aiken ni ka tambaya ba. Shekara ashirin muna cin tuwo akushi guda. Har tsawon wane lokaci ka yarda da mutumin ga na fim?”

Na so in ce ko daƙiƙa ɗaya. Ni da na tsaya gaban kasuwa guda na ƙi yin ƙarya don in ceci rumfata, sai ga ni ina neman yadda zan yi ta a bakin titi don in ceci fuskata. Ban yi ba. Na ce masa har zuwa lokacin da Fada ya kawo benci.

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode da na faɗa masa. Ya shiga, yaron mota ya ja ƙofa. Duk shekara da azumi yakan aiko mini da buhun shinkafa da gaisuwa ta hannun direbobi, har yau bai fasa ba. Amma motocinsa suna bi ta Bodinga duk mako, wani lokacin yana ciki, kuma bai ƙara sauka ba.